Dalilin da Ya Sa Wuƙar Masu Nutso Take da Baki Biyu

Dalilin da ya sa wuƙar masu nutso na garin nan take da baki biyu, ba ado ba ne, ba kuma don a yi wa mutane barazana a kasuwa ba. Kun gan ta ɗaure a damtsen iyayenku maza in za su shiga gulbi: gajeriya, kaifi ta nan kaifi ta can, da 'yar igiya a ƙotarta. Tun da kun tambaya, zan faɗa muku sau ɗaya. Wanda ya san surutu zai yi, ya tashi tun yanzu.

A zamanin da, tun garin nan yana 'yar tunga, bukkokinsa ba su kai talatin ba, wuƙar mai nutso ba ta da bambanci da wadda mata ke feɗe kifi da ita. Baki ɗaya gare ta. Bayanta mai kauri ne, ba kaifi, a nan ake ɗora babban yatsa a danna. Da ita ake yanka igiya, da ita ake shiga ruwa, kuma babu wanda ya taɓa ganin laifinta.

Kun san taru, babbar ragar nan da sai mutum ashirin suke ja. A gulbinmu akwai wuri mai zurfi da ake kira Gindin Giyayya, inda tsofaffin itatuwa suka faɗa ruwa tun ba a haifi kowa ba, rassansu da saiwoyinsu suna nan a ƙasa sun miƙe kamar yatsu. A nan manyan kifaye ke taruwa da rani, a nan kuma taru ke maƙalewa. In ya maƙale ba a fizgarsa da ƙarfi, don na gari ne gaba ɗaya, shekara guda ake yi ana saƙa shi da zaren rama. Sai mutum ɗaya ya nutsa ya kwance shi da hannu, inda ya ƙi kwantuwa ya yanke kaɗan. Ruwan wurin baƙi ne wuluk saboda laka, ko tafin hannunka ka kawo gaban ido ba ka ganinsa. Ga sanyi ko da tsakar rana. In ka ɗan jima a ciki sai yatsunka su mutu, ka taɓa abu ba ka san me ka taɓa ba.

Mai nutso ba ya shiga sai da igiya a ƙugu, kuma a al'adarmu mace ce ke riƙe bakin igiyar a cikin jirgi, matarsa, ko uwarsa, ko 'yar'uwarsa. Namiji yakan shagala da hira. Macen da nata yake ƙarƙashin ruwa ba ta ko ƙifta ido. Da ya nutsa, ita ma sai ta ɗauke numfashi. In ya girgiza igiya sau ɗaya, lafiya ke nan, a dakata. In sau biyu, a ja. In kuwa numfashinta ya ƙare ba ta ji komai ba, to nasa ma ya ƙare, sai ta ja ko bai nema ba.

A lokacin mai nutson tunga wani mutum ne sunansa Nomau, matarsa Cima ce ke riƙe masa igiya. Shekara ashirin da biyu tana riƙe masa, bai taɓa fitowa da ko ƙwarzane ba. Cima ba ta da yawan magana, ba ta da yawan dariya, kuma in ta ce a'a, to a'a ɗin ce.

Wata rana da hantsi taru ya maƙale a Gindin Giyayya. Nomau ya yi bisimilla ya nutsa, Cima ta ɗauke numfashi. Ya girgiza sau ɗaya. Daga nan shiru. Ƙirjinta ya cika, numfashi ya ƙwace mata, ta ja igiya. Igiya ta ƙi zuwa. Ta yi kira, maza huɗu suka kama suka ja tare, da ƙyar suka ciro shi, taru ya nannaɗe shi tun daga ƙafa har ƙugu, wuƙarsa tana nan damƙe a hannu. Rai ya riga ya yi halinsa.

Aka ɗauki salati. Kafin jirgi ya kai gaɓa mutane sun fara faɗin abin da suka ga dama. Wasu suka ce mutanen ruwa ne suka riƙe shi. Wasu suka yi ƙasa da murya suka ce ai Nomau ya fara tsufa, ƙarfi ya ja baya.  Cima ta durƙusa ta ɓamɓare yatsun mijinta ɗaya bayan ɗaya. Babban yatsansa ya tsage har ƙashi. Kaifin wuƙar yana kallon yatsan, bayanta yana kallon waje. Ta duba igiyar tarun da ta shaƙe masa idon sawu, ta ga wuri ɗaya ya goge ya yi sumul har yana sheƙi, amma ko zare ɗaya bai tsinke ba. Ta ga kuma yadda igiyar ta nutse cikin nama, ta gane jan da suka yi ne ya ƙara tsuke ta.

Ba aljani, ba tsufa. A cikin duhun ruwa, da matattun yatsu, ya riƙe wuƙar a juye, ya yi ta goga bayanta a kan igiya har numfashinsa ya ƙare. Ta yanke wannan guntun igiyar ta ƙulle a bakin zanenta.

Nutso gado ne. Da Cima ta fita takaba, rani ya sake zagayowa, Sarkin Ruwa ya aiko cewa saura kwana tara a ja taru, kuma Anaruwa, ɗan Nomau, shi zai hau gurbin ubansa. Anaruwa ƙato ne, ya yi aure, ya iya ruwa kamar kifi, kuma ya san ya iya. Shi ne ɗan farin Cima, shi kaɗai kuma ya rayu a cikin 'ya'yanta. Kun san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ta same shi a gindin rumbu yana wasa wuƙa a kan dutse.

Ta ce, "Kai wannan, da wace wuƙa za ka shiga?"

Ya ce, "Da ta Baba mana, Inna. Dubi yadda na wasa ta, ko gashi ta taɓa sai ya faɗi."

Ta ce, "Shi ma ya wasa ta."

Ya ce, "Inna, kwana ne ya ƙare."

Ta ce, "Kwana na Allah ne, ban musa ba. Amma muddin wannan wuƙar ce a hannunka, ba ni riƙe maka igiya."

Ya ajiye wuƙar ya dube ta. "To wa zai riƙe? Ba ni da 'yar'uwa. Matata kuwa 'yar manoma ce, ko jirgi ta shiga sai ta runtse ido tana kiran uwarta."

Ta ce, "Shi ya sa za ka jira ni."

Washegari da sassafe ta sa aka nutso mata lakar ƙasan gulbi cike da tukunya, ta ɗora a kai, ta hau tudu zuwa maƙerar Barmo, Sarkin Maƙera, wanda shi ke ƙera wa tunga ƙugiyoyi da masu na sukar kifi. Maƙera wurin hira ce, ta tarar da dattawa wajen bakwai a zaune ana zuga wuta.

Ta sauke tukunya ta ce, "Sannu da aiki, Sarkin Maƙera."

Ya ce, "A'a, matar Nomau ce a tudu? Sannu da zuwa. Ya ƙarin haƙuri?"

Ta ce, "Da godiya. Wuƙa nake so ka ƙera mini, mai baki biyu."

Barmo ya ajiye masaba. Dattawa suka dubi juna. Ya ce, "Yaƙi za ki, ko kuwa kifayen ne suka yi muku tawaye?"

Aka yi dariya. Cima ta jira aka gama, sa'an nan ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa guntun igiyar, ta gaya masa abin da ta gani a hannun mijinta.

Barmo ya juya igiyar ya mayar mata. Ya ce, "Na ji tausayinki, Allah ya sani. Amma mu ma da namu gadon. Iyayenmu sun ce ƙarfe mai baki ɗaya na abinci ne, mai baki biyu na jini ne. Mayaƙan sarki kaɗai ake ƙera wa shi. In na saki irinsa a tunga, gobe saurayi ya yi faɗa a kan budurwa, jibi a zo a ce ƙarfen Barmo ne. Kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma wane namiji ne zai riƙe wuƙa bai san gabanta da bayanta ba? Ni ko a cikin barci aka sa mini ita a hannu na san inda bakinta yake."

Ta ce, "Ko a cikin barci?"

Ya ce, "Ko a cikin barci. Shekara arba'in ina ƙera ta."

Ta ce, "To ba sai ka yi barci ba. Ga laka na kawo daga inda ya mutu. Ka ɗauko wuƙar da ka fi yarda da ita, ka jefa a ciki. Zan ɗaure hannunka na hagu da irin wannan igiyar a jikin turke. Ka tsoma fuskarka a ƙwaryar ruwa, ka lalubo wuƙar da dama, ka yanke igiyar kafin ka ɗago. In ka yanke, na koma gida, ba ka ƙara jin bakina."

Wani dattijo ya ce, "Kai Barmo, kar ka yarda. Ku 'yan wuta ko wanka sai an roƙe ku."

Wani ya ce, "Ƙyale shi, yau za mu ga fuskarsa ba toka."

Barmo ya ji kunya ta kama shi a gaban jama'a. Ya tuɓe walkinsa na fata ya ce a kawo ƙwarya. Cima ta zuba lakar a cikin kwamin da yake tsoma ƙarfe, ta sa ya nutsa hannayensa biyu a ciki har sanyin ya ratsa su. Ta ɗaure hagunsa a turke. Aka jefa wuƙa. Ya ja numfashi ya kifa fuska a ruwa.

Bai sha wuya ba ya lalubo ta. Ya kai kan igiya ya shiga yanka da ƙarfi, jijiyoyin damtsensa duk sun tashi. Ya yi ta yi, ya yi ta yi, kafaɗunsa suka fara rawa. Sai ya fizgo kai yana haki, ruwa na zuba daga gemunsa. Ya dubi hannunsa. Bayan wuƙar ne a kan igiya.

Dattawa suka fashe da dariya har wani ya faɗo daga kan kututture. Barmo ya ce, "Tsautsayi ne! A sake!"

Cima ta ce, "A sake."

A karo na biyu ya yi wayo. Da ya kama wuƙar sai ya tsaya yana shafa ta da yatsa don ya gane bakin. Laka ta cika ta da santsi, yatsa ba ya ji. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya dace da kaifin, ya kai kan igiya. Bai ci rabinta ba numfashi ya ƙare. Ya ɗago yana tari, idanu jajur.

Cima ta sunkuya tana kwance masa hannu. Ta ce, "Kai ka ɗago kanka, Sarkin Maƙera. Shi bai sami inda zai ɗago ba. Saura kwana takwas ɗansa ya shiga wurin nan, kuma ba ni da wani."

Babu wanda ya ƙara dariya. Barmo ya zauna a kan ƙasa. Can ya ce, "Zan ƙera. Amma da sharaɗi, kuma ba ke kaɗai za ki ɗauka ba, sai Sarkin Ruwa ya zo nan ya dafa uwar maƙera ya rantse. Wuƙar ta ruwa ce. Ba a zare ta a tudu, ko don yanka albasa. Ranar da ta sha jinin mutum a kan busasshiyar ƙasa, daga ranar babu maƙerin da zai ƙara ƙera muku ko ƙugiya ɗaya, ku kama kifinku da haƙora."

Sarkin Ruwa bai so ba da farko. Ya ce da Cima, "Ƙarfen yaƙi a cikin gulbi? Mutanen ruwa za su ce mun zo musu da faɗa."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mai gidana da ƙarfen zaman lafiya ya je musu, ka ga yadda aka dawo da shi."

 Sarkin Ruwa ya ɗauki sandarsa ya hau tudu ya rantse.

Bayan kwana uku Barmo ya aiko a zo a karɓa. Ya ƙera abu mai kyau, doguwa kamar ƙaramin takobi, ƙotar ƙaho a goge tana ɗaukar ido. Anaruwa ya ga wuƙa ya washe baki, ya miƙa hannu. Cima ta buge hannun. Ta fito da ɗanyar tarwaɗa daga kwando, ta shafe ƙotar da yauƙinta, ta ce da Barmo ya riƙe gam. Ya riƙe. Ta kama kuben da ke rataye ta ƙwanƙwashi wuƙar sau ɗaya, sai ga ta a ƙasa.

Ta ce, "Ta yi kyau a bikin salla. Ba a nan za a yi aiki da ita ba. Ka rage tsawon, kar ta wuce taƙi ɗaya, don mutumin da raga ta naɗe ba shi da filin zaro doguwar wuƙa. Ƙotar kuwa ta itace nake so, mai tsage-tsage, wadda hannu zai kama ko ya mutu. Ka huda ƙarshenta a zura igiya a ɗaura a wuyan hannu."

Barmo ya ce, "Yau ga mai koya wa maƙeri ƙira. To bari in tambaye ki abin da ba ki tuna ba. Kin hana ta baya. A ina zai ɗora babban yatsa in zai danna? Kaifin da zai cece shi shi zai cire masa yatsa."

 Cima ba ta yi tunanin wannan ba, kuma ba mace ba ce mai ƙin gaskiya. Ta ce, "Ban sani ba. Wannan naka ne."

Ya ce, "Alhamdu lillahi, an bar mini wani abu."

Shi ya ƙirƙiro 'yan kafaɗun nan biyu da kuke gani tsakanin ƙota da ƙarfe, inda yatsa ke tokarewa ba ya zamewa kan kaifi. A ba kowa haƙƙinsa, wannan dabarar ta maƙera ce.

Da wuƙa ta iso tunga, samari suka sami abin yi. In Anaruwa ya wuce sai su ce, "A gaida barden Inna! Yaushe za a kai wa ƙarfasa hari?" Wani ya ce, "Ku bar shi, ubansa da baki ɗaya ya yi shekara ashirin, shi sai da biyu." Abin ya ci masa rai. Ana gobe za a ja taru ya ce da uwarsa da yamma, "Inna, an mai da ni abin dariya."

Ta ce, "Wanda ake yi wa dariya yana da rai. Ɗaura ta."

Ranar jan taru, gari duka ya fito. Aka shimfiɗa taru tun da safe, aka fara ja, kifi ya cika shi har ruwa na tafasa. Rana ta take tsaka, sai taru ya tsaya cik a Gindin Giyayya, daidai inda ya tsaya bara. Aka tura jirgi. Cima ta zauna a gaba ta naɗa igiya sau biyu a tafin hannunta. Anaruwa ya yi bisimilla ya nutsa, ta ɗauke numfashi.

Girgiza ɗaya ta zo. Lafiya.

Ba a jima ba igiya ta fizge ta har sai da ta durƙusa a cikin jirgi. Wannan ba ɗaya ba ce, ba biyu ba ce, fizga ce ta hauka, dama da hagu. Ruwa ya dama, laka ta taso, sai ga jela mai ƙaya ta daki saman ruwa ta koma.

Aka yi kururuwa, "Kada! Kada a cikin taru!"

Sai ga jini ya bayyana a kan ruwa yana faɗaɗa. Mazan da ke jirgin suka yi kan igiya. Sarkin Ruwa daga nasa jirgin yana cewa, "Ki ja, Cima! Ku ja shi!"

Ba ta iya magana ba, don numfashinta a ɗauke yake. Ta kifa jikinta a kan igiyar, ta kai wa na kusa da ita gwiwar hannu a ƙirji. Ta san abin da ja ya yi wa mijinta. Kuma tana jin wani abu a tafin hannunta da su ba su ji. A ƙarƙashin fizgar kadan akwai wata 'yar rawa, ƙat, ƙat, ƙat, igiya na saki kaɗan-kaɗan. Zaren taru ne ke tsinkewa. Wuƙa na ci.

Ƙirjinta ya ɗauki wuta. Bisa al'ada lokacin ja ya yi har ya wuce. Ta cije leɓe har jini ya fito, ganinta ya fara duhu, muryoyin mutane suka koma kamar daga nesa. Ba ta shaƙa ba, ba ta ja ba.

Sai igiya ta yi laushi. Sa'an nan girgiza ɗaya. Sa'an nan ta biyu.

Ta buɗe baki da ƙarfin da ya rage mata ta ce, "Yanzu!"

Suka ja, ya taho ba abin da ya riƙe shi. Aka ciccibo shi cikin jirgi yana aman ruwa, sha-raɓarsa ta hagu a yage, naman na reto. Amma yana numfashi, wuƙa na hannunsa.

Da ya dawo hayyacinsa ya ba da labari yana haki. Kadan ya biyo kifi ne ya faɗa cikin taru. Da ya ji mutum kusa sai ya kama ƙafarsa ya yi birgima, raga ta naɗe su tare, ta manne masa hannun dama a jikin haƙarƙari, wuyan hannu kaɗai ke motsi. Wuƙar ta suɓuce, ya jawo ta da igiyarta, ya damƙe bai san ta wace fuska ya kama ba, bai kuma tsaya tambaya ba. In ya tura ta ci, in ya jawo ta ci. Da hannu ya kuɓuta, ya shafa kan kadan ya sami ido, ya luma ta har kafaɗunta. Nan dabbar ta sake shi, ya yanke sauran zaren da ke ƙafarsa.

Maza na ta kabbara, wasu na kuka. Samarin da suka yi masa ba'a su ne ke yaga rigunansu ana ɗaure masa ƙafa. Ya ɗaga ido ya dubi uwarsa. Cima tana zaune tana warware igiya daga hannunta, fatar tafin duk ta saɓule.

Ta ce, "Ka daɗe."

Ya ce, "Na tarar da baƙo ne, Inna."

Jirgi ya doshi gaɓa, mutane sun shigo ruwa har gwiwa suna jiran su ɗauke shi. Cima ta ɗaga hannu ta ce da mai tuƙi ya tsaya. Aka ce, "Haba Cima, jini yake zubarwa!"

Ta ce, "Na gani. Kai wannan, wanke ta ka mayar kube. An yi rantsuwa a kanta, ba ta taka tudu tsirara."

Anaruwa ya tsoma wuƙar a gulbi ya wanke, ya mayar da ita kube ya ɗaure. Sa'an nan Cima ta ce a ƙarasa.

Da la'asar aka jawo taru da kadan a ciki matacce, tsawonsa ya fi na mutum biyu in sun kwanta. Barmo ya sauko daga tudu, shi da bai taɓa zuwa bakin gulbi ba sai dole. Ya zagaya kadan, ya tsuguna ya duba idon, ya miƙe ya ce, "Kafaɗun nan nawa ne suka hana ta shigewa gaba ɗaya." Cima ta ce, "Naka ne." 

Shi ya sa har wa yau mai nutso a garin nan ba ya shiga ruwa sai da wuƙa mai baki biyu, taƙi ɗaya, da igiya a wuyan hannu. Ba shi ke zaɓenta ba, macen da za ta riƙe masa igiya ita ke hawa maƙera, ta shafa yauƙin kifi a ƙota, in ba ta gamsu ba a sake ƙerawa. Kuma tun daga ranar har zuwa yau da nake muku magana, an yi faɗa a garin nan, an yi rikicin gona da na aure, an fasa kai da sanda, amma ba a taɓa samun ɗanmu ko ɗaya da ya zare ta a tudu ba. Ku je duk garuruwan bakin gulbi ku tambaya in ƙarya nake.

Anaruwa ya warke da ɗingishi. Ya yi shekara talatin yana nutso, ya haifi 'ya'ya goma sha ɗaya, ya mutu tsoho tukuf a kan tabarmarsa. Ta tara a cikinsu ita ta haifi kakata. Da wuƙar nan baki ɗaya gare ta, da babu ni, babu ku, babu wanda zai zauna a tsakar gidan nan yana miƙe ƙafa a gaban manya. Ku tanƙwashe su.